Kuɗin Digiri na Biyu: Ina Ɗan Kano Zai Dosa?

Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. A 2024 kuwa sai da ta haura 1,500. Shi ya sa ko a Nassarawa GRA, unguwar manyan ma'aikata da attajirai, uban da a da yake tura ɗansa Ingila da kuɗin aljihunsa yanzu sai ya yi dogon lissafi. To ina ga ɗan talakan da ya gama Jami'ar Bayero da kyakkyawan sakamako? Hanyoyi dai ba su toshe ba, amma wanda ya shirya da wuri ne ke cin moriyarsu.

Hanya mafi kusa daga Gidan Gwamnatin Kano take fitowa, a cikin unguwar ta Nassarawa GRA. A zangonsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasa karatu ƙetare, rukunin farko su 501. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya farfaɗo da shirin, aka ware guraben ɗalibai 1,001 a jami'o'in Indiya da Uganda, inda aka fifita 'yan asalin jihar masu digiri mai daraja ta ɗaya. Matsalarsa ita ce ya dogara da ra'ayin gwamnati mai ci, don haka kada ɗalibi ya rataya dukan burinsa a kansa.

A tarayya akwai PTDF, da aka kafa a 1973, mai ɗaukar nauyin masu karatun da ya shafi man fetur da makamashi. Akwai kuma TETFund, wadda ke samun kuɗinta daga harajin ribar kamfanoni, amma malaman manyan makarantun gwamnati kaɗai take yi wa. Daga 2025 ta dakatar da tura su ƙetare saboda tsadar dala da kuma waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa.

Na ƙasashen waje sun fi tsoka, sun kuma fi tsauri. Chevening ta Birtaniya tana biyan kuɗin makaranta, na jirgi da na abinci har shekara guda, da sharaɗin mutum ya yi aiki na shekara biyu kafin ya nema, ya kuma dawo gida in ya gama. Jamus na da tallafin DAAD, kuma galibin jami'o'in gwamnatinta ba sa karɓar kuɗin karatu. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda shi ma yana ba da tallafi. A Amurka kuwa, sashen jami'a kan ɗauki ɗalibi ya taya koyarwa ko bincike, a yafe masa kuɗin makaranta, a kuma ba shi alawus.

Kada a raina na gida. Ma'aikata da yawa a Kano karatun ƙarshen mako suke yi a Jami'ar Bayero, albashinsu na gudana. Wani ya shiga adashe ya daidaita kwasarsa da lokacin rajista, wani ya ci bashin da babu ruwa daga ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki, wani kuma ya nemi hutun karatu da albashi.

Abin takaici, ba rashin ƙoƙari ke kayar da yaranmu ba, sakaci da takardu ne. Sai sanarwa ta fito saura mako biyu a rufe, sannan a fara neman cikakken sakamakon jami'a, fasfo ya ƙare, takardar bautar ƙasa da ta shaidar ƙaramar hukuma ba a san inda suke ba, malamin da zai rubuta wasiƙar shaida ya yi tafiya. Tun ran gini ran zane: shekara guda kafin lokaci ya kamata a fara. A kuma yi hattara da masu cewa a kawo kuɗi su samo gurbi, domin tallafin gaskiya ba a sayen sa.

Kira na ƙarshe ga masu hali na Nassarawa GRA da kewaye: ku kafa waƙafin ilimi mai hukumar amintattu da ƙa'idar zaɓe a fili, wanda sauyin gwamnati ba zai taɓa shi ba. Kuɗin digiri na biyu na ɗalibi guda a jami'ar gida bai kai abin da ake kashewa a wasu bukukuwa ba, ladansa kuwa sadaka ce mai gudana.