Koya wa Karen Farauta Amsa Kira: Misali daga Farautar Rani a Tamale

1.0 Gabatarwa

Da zarar damina ta wuce, ciyawa ta bushe, akan ga matasa a Tamale da ƙauyukan kewayenta sun cika manyan motoci da babura, su da karnukansu, sun nufi daji farautar zomo da gafiya da gyazbi da gada. Wannan yakan kama daga Disamba, domin dokar Gana ta hana farautar yawancin namun daji daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba. Babbar matsalar mai kare a wannan fita ita ce yadda zai dawo da karensa in ya zabura. Karen da ba ya amsa kira yakan ɓace, ko ya faɗa titin Bolgatanga mota ta take shi, ko ya kashe zabin wani ko akuyarsa, a ƙare a gaban mai gari. Wannan takarda za ta yi bayanin dalilin taurin kan irin wannan kare, da hanyar da ake bi a horar da shi.

2.0 Karen Ido da Karen Hanci

Masana sun kasa karnukan farauta gida biyu. Akwai mai bin sawu da hanci, yana tafe yana sunsuna ƙasa, akwai kuma mai hango nama ya kure masa gudu. A nan za a kira na biyun karen ido. Siffarsa ita ce dogayen ƙafafu, shafaffen ciki, faffaɗan ƙirji da tsinin baki. Fitaccen irinsa a Afirka ta Yamma shi ne na Buzayen kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, wanda aka kai Turai a shekarun 1970. Karnukan Tamale ba tsantsar wannan iri ba ne, amma da yawansu suna da wannan ƙira da wannan hali.

A 2004 wasu manazarta a Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun nuna cewa ƙwayoyin gani na kare mai dogon baki sun jeru ne a kwance cikin idonsa, wato yana saurin kama motsi daga gefe zuwa gefe a fili. Ga kuma gudu: irin wannan kare yakan kai kilomita 60 a awa, wato mita 100 cikin daƙiƙa 6 ke nan.

3.0 Lokacin da Kira ke Shiga Kunne

Masanin dabbobi Raymond Coppinger na Amurka ya bayyana farautar kare a matsayin jerin matakai: ya juya wajen motsi, ya ƙura ido, ya yi sanɗa, ya bi da gudu, ya cafke, sannan ya kashe. A wajen karen ido sanɗar gajera ce ƙwarai, gudun kuwa shi kansa daɗi ne gare shi, ko ya kama ko bai kama ba. In ya shiga wannan mataki, hankalinsa duka yana kan abin da yake bi, ihun ubangidansa ba ya tasiri. Saboda haka damar mai kira tana cikin 'yan daƙiƙun da kare ya ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa, jikinsa ya ƙage, kafin ya ɗaga ƙafa. Duk horon amsa kira a kan wannan ɗan lokaci aka gina shi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da lura da muhimmancin wannan. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, kuma a bayanin malamai, horarren kare shi ne wanda in an cuna shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya.

4.0 Matakan Horo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana farawa ne tun kare yana kwikwiyo ɗan wata biyu ko uku, a tsakar gida. A zaɓi sauti ɗaya, fito ko usur, a riƙa yinsa duk lokacin da za a ajiye masa kaskon abinci, har ya haɗa sautin da alheri. Usur ya fi murya, domin yana kaiwa nesa, ba ya nuna fushi, kuma a taron farauta mai karnuka da yawa kare yana iya bambance na ubangidansa.

Mataki na biyu, a kai shi fili da igiya mai tsawon mita 10 zuwa 15. A kira shi, in ya zo a ba shi ɗan nama, a kuma sake shi ya ci gaba da wasansa. In kullum kira yana nufin ɗauri da komawa gida, kare zai koyi ƙin zuwa.

Mataki na uku, a kawo jarabawa. A tsaya da shi nesa da garken zabi ko awaki, da igiyar a hannu. Da ya miƙe kunnuwa a busa usur. In ya juyo, a saka masa da abin da ya fi kullum daɗi. In bai juyo ba, an matso da yawa ke nan, sai a ja baya. Ana rage tazarar a hankali cikin makonni.

Mataki na huɗu shi ne mafi muhimmanci: a mai da gudun kansa lada. A ɗaura fatar zomo a igiya, wani ya ja ta. Da kare ya hango, a kira shi, in ya zo a cuna shi ya bi. Wannan ita ce ƙa'idar da David Premack ya bayyana a 1959, cewa abin da dabba ta fi so yana ƙarfafa abin da ba ta cika so ba in ya biyo bayansa. Kare zai gane cewa hanyar zuwa ga zomo ta gaban ubangidansa ta bi.

5.0 Abubuwan Kiyayewa

Kada a doki karen da ya dawo, komai daɗewarsa, domin a wajensa dukan na dawowar ne. Kada a yi ta busa usur bayan ya riga ya zabura, don kada sautin ya zama hayaniyar banza. A tsaya inda ya bar mutum, a kira shi in gudun ya lafa. Har ila yau, daga wajen wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi kare yakan yi kunnen ƙashi, sai a mayar da shi kan igiya.

6.0 Kammalawa

Horo yana rage haɗari, amma ba ya kankare halitta. Ko ƙwararren karen ido yana iya kuɓucewa in zomo ya tashi daga gindin ƙafarsa. Don haka mafarauci mai hankali yakan riƙe karensa a igiya kusa da titi, da rugar Fulani, da bayan gari, ba ya sakinsa sai ya duba filin da zai yi gudu a cikinsa.