Famfon Fetur da Dutsen Katschberg: Abin da Gwajin Silver Ghost Ya Ɓoye

Fam 2 da sule 2 da kwabo 7. Wannan adadi ne masu yabon Rolls-Royce suke ta nanatawa har yau, wato kuɗin kayan gyaran da aka ce motarsu Silver Ghost ta buƙata bayan ta ci mil 15,000 a shekarar 1907, galibi tana zirga-zirga tsakanin Landan da Gilasgo. Adadin gaskiya ne, amma ya fi kama da talla fiye da hukuncin kanikawa.

A duk tafiyar sau ɗaya motar ta tsaya ba da son direba ba. A mil na 629 jijjigar hanya ta rufe famfon fetur, injin ya mutu. Aka buɗe shi, ta ƙara mil 14,371 ba tsayawa. Facin taya kuwa ba a sa shi cikin lissafi ba.

Matsalar tana ga wanda ya zaɓi hanyar. Claude Johnson, manajan kamfanin, shi ya shirya gwajin, a kan titunan Birtaniya da aka ƙera motar dominsu, da direbobin da suka san halinta. Irin wannan gwaji ƙananan laifuffuka yake tonowa: abin da ya kwance, abin da ya ɗan ci. Kuskuren da ke cikin ƙirar kanta yana nan kwance, sai ranar da mota ta shiga ƙasar da ba a yi tunaninta ba.

Ranar ta zo a 1912. Wani mai suna James Radley ya shiga gasar tsaunukan Alps ta Ostiriya da tasa Silver Ghost, sai ta kasa hawan Katschberg. Injin lafiya lau yake. Giya uku kawai motar take da su, kuma ta ɗaya ba ta da ƙarfin jan da hawa mai tsini irin wannan yake buƙata. Abin mamaki, shekara guda kafin nan kamfanin ya yi ta alfahari cewa motarsa ta tashi daga Landan zuwa Edinbara a giyar ƙarshe kaɗai. Bajintar da ta burge masu kuɗin Ingila ita ta kau da ido daga raunin.

Masu kare gwajin 1907 suna cewa jami'an ƙungiyar masu motoci ta RAC ne suka sa ido, su kuma suka warware motar suka duba. Haka ne, ba wanda ya yi maguɗi. Sai dai mai sa ido yana auna abin da aka gabatar masa ne, ba shi ke zaɓen tudu ba.

A 1913 Rolls-Royce ta koma Alps da motoci masu giya huɗu da lagireto mafi girma, suka mamaye gasar. Kunyar kwana ɗaya a Katschberg ta gyara motar fiye da mil 15,000 na tafiyar gida.