Mai Keke da Mai Mota a Gaban Dokar Hanya

A kan titin da ya taso daga Anka ya bi ta Daki Takwas zuwa Gummi, mota da keke kwalta ɗaya suke takawa, amma nauyin da doka ta ɗora wa masu su ya sha bamban. Direban mota sai ya cika shekara 18 kafin a ba shi lasin. Motarsa kuma sai da lamba, da takardar shaidar lafiyarta daga jami'an VIO, da inshorar da za ta biya diyyar wanda aka yi wa ɓarna, wadda kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke sa ido a manyan hanyoyi, takwararta ZAROTA kuma tana nata aikin a matakin jiha. Mai babur, har da ɗan kabu-kabu, shi ma sai da lasin da lamba da hular kwano.

Mai keke kuwa ba a yi masa jarrabawar tuƙi, ba a tambayar shekarunsa, ba ruwansa da inshora. Wannan ba son kai ba ne. Doka tana matsa wa mutum gwargwadon ɓarnar da abin hawansa zai iya yi wa wasu. Idan gudun mota ya ninka, nisan da take ci kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka kusan sau huɗu, shi ya sa aka ƙayyade gudu a cikin gari kada ya wuce kilomita 50 a awa. Da wuya keke ya kashe wanda ya buge, kuma duk ranar da suka yi karo da mota, mai keken ne ke kwana ciki.

Sai dai sassaucin takardu bai cire shi daga ƙa'idojin hanya ba. Dole ya bi hannun dama, kamar yadda ƙasar ta koma tun 1972. Ana so birkinsa ya kama, ya kasance da ƙararrawa, da fitila a gaba, da jan ƙyalli a baya mai ɗaukar hasken mota, ya miƙa hannu kafin ya sha kwana, kada kuma ya rataya a jikin babbar mota tana tafiya. A nan ne aka fi sakaci. Manomi zai baro fadama bayan magariba, ya ɗaure damin dawa a gicciye bisa kariya har ya zarta faɗin keken, ba fitila, ga hazon hunturu. Direban da ke bayansa, wanda hasken motar da ke tahowa ya kashe wa ido, ba zai gan shi ba sai ya iso kansa. Wasu masu keken kuma sukan fuskanci motoci da gangan, wai don su riƙa ganin abin da ke zuwa, alhali wannan ƙa'idar mai tafiya da ƙafa ce.

Tsarin mulkin 1999 ya bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da lasin keke da amalanke da baro da kwalekwale, aikin da En'e ta yi a zamaninta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Ya kamata ƙananan hukumomin Gummi da Anka da Bukkuyum su yi amfani da wannan iko don tsare rayuka, ba don tara haraji ba: su haɗa kai da masu gyaran keke da makarantu da shugabannin tasha, ta yadda ba keken da zai hau kwalta da dare babu fitila da ƙyalli.