Daga dandalin ƙauye zuwa takobin ƙasa: yadda kakar kokowa take tafiya

Duk ƙarshen shekara, idan sanyi ya shigo, harkokin garuruwan Nijar sukan lafa har tsawon kwana goma. A Madawa mai shago yakan fito da talabijin ƙofar shago, ƴan kabu-kabu su jingine babura su kewaye shi. A ƙauyukan Buza da Keita kuwa rediyo ne ke manne da kunnen kowane magidanci. Gasar kokowar gargajiya ta ƙasa ce, wadda aka fi sani da gasar takobi, ke tsayar da mutane haka. Mafi yawan masu kallo sun san ƴan kokowar da sunayensu da kirarinsu, amma ba kowa ba ne ya san tsarin da ke kai mutum ga takobi, da kuma dalilin da ya sa wani gwarzon da ya kayar da mutum shida yakan koma gida hannu wofi, wani kuwa da bai burge kowa ba ya kai wasan ƙarshe.

An fara wannan gasa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, kuma a birnin Tawa aka yi ta farko. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin a wannan shekara, shi ya sa filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, kamar yadda na Doso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa. Tun daga lokacin gasar ke zagaya jihohi, kowace jiha na karɓar baƙuncinta idan layi ya zo kanta. Ba kowace shekara aka samu yin ta ba: wadda aka yi a Agadas a ƙarshen 2023 ita ce karo na 44, alhali shekarun da suka shige tun 1975 sun fi haka.

Kwana goman nan da ake gani a talabijin ƙarshen tafiya ne kawai. Kakar kokowa takan soma ne tun da kaka, bayan an yanke gero an ɗaure damma an zuba a rumbu. A lokacin ne samari ke da ƙoshi da sarari, ƙauye ya gayyaci ƙauye, a share dandali, makaɗa su kafa ganguna, a yi ta kaye har dare. A nan ake gane yaron da ƙafarsa ke da nauyi a ƙasa, da wanda ya iya kama ƙafa, da wanda ƙarfi kawai gare shi babu dabara. Shekarar da damina ta yi kyau kokowar ƙauye takan yi armashi, don manomi na da abin da zai jefa wa ɗan kokowa da makaɗi. Shekarar da hatsi bai yi ba kuwa, dandali kan yi shiru da wuri.

Daga nan sai tankaɗe da rairaya. Ana zaɓe a matakin gunduma, waɗanda suka fito su haɗu a matakin jiha, inda ake tace mutum goma da za su riƙe tutar jihar. Jihar Tawa na da gunduma 12 ban da birnin Tawa kansa, kujeru kuwa goma ne kacal. Ke nan ko da an ce a raba daidai, ba kowace gunduma za ta samu mutum ɗaya ba, kuma ba a raba daidai. Tsofaffin hannu da suka riga suka yi suna sukan riƙe wurarensu shekara da shekaru, saboda haka saurayin da ya taso daga wani ƙauyen Buza ko Keita yana neman ɗaya ne daga ƴan gurabun da suka rage, kuma sai ya kayar da wanda duk jiha ta sani kafin a dube shi. Waɗanda aka zaɓa ana killace su wuri ɗaya kafin gasa, a ciyar da su, mai horarwa ya yi aiki da su.

A gasar kanta jihohi takwas ne ke haɗuwa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace da mutum goma, jimla ƴan kokowa 80. Kowace jiha sai ta kara da sauran bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, jiha ɗaya a kowace rana, wato kwana bakwai ke nan na zagayen farko. Idan aka lissafa, karawa 28 ce tsakanin jihohi, kowace karawa da kokowa goma a cikinta, abin da ya ba da kokowa 280 kafin a zo maganar takobi. Ana yin wasu da safe, wasu da marece. Ƙuri'a ce ke haɗa ɗan kokowa da abokin karawarsa, don haka ba wanda ya san wanda zai fito masa sai an kira suna.

Abin da ya bambanta wannan gasa da ta ƙwallon ƙafa shi ne gasa biyu ce a cikin riga ɗaya. Akwai lissafin jihohi, inda ake duba jihar da ta fi yawan kaye. Akwai kuma neman takobi, wanda na mutum ɗaya ne, kuma sharaɗinsa mai tsauri ne: duk wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobin wannan shekara. Ba a duba ko wane ne, ba a duba sau nawa ya taɓa ɗauka. Mai riƙe da takobi yana iya faɗuwa a rana ta biyu a hannun yaron da ba a taɓa jin sunansa ba, shi ke nan sai baɗi. Shi ya sa kowane dare abin da ake tambaya a majalisu shi ne mutum nawa suka rage a tsaye, kuma na wace jiha ne. Adadin yakan zube da sauri a kwanakin farko, daga 80 ya koma rabi, ya ci gaba da raguwa har a rana ta bakwai a samu ƴan ƙalilan da za a haɗa su da junansu a fitar da biyun da za su yi wasan ƙarshe.

Wanda ya faɗi ba ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida. Yana ci gaba da shiga fili har rana ta bakwai, yana nemar wa jiharsa maki, kuma a nan ne ya fi zama abin tsoro. Ba shi da sauran abin da zai yi asara, ga kuma kyautar da masu hannu da shuni da ƴan siyasa kan ɗora a kan duk wanda ya kayar da wani babban suna. Mai tsaye kuwa yana kokowa da tsoro biyu, na abokin karawa da na kuskuren kansa. Daga nan ne ake samun abin da ƴan kallo suka fi ƙi: mutum biyu su sunkuya, goshi da goshi, kowa na kaɗe hannun ɗan'uwansa, lokaci na tafiya ba wanda ya kai hari.  Hukumar kokowa ta ƙasa ta ba alƙalan wasa ikon yin gargaɗi ga mai gudun kamu, gargaɗin kuma idan ya taru yana iya jawo wa mutum asarar wasa. Dokar ta rage abin, amma ba ta kawar da shi ba, domin tushensa na cikin tsarin gasar ne: muddin faɗuwa ɗaya na kashe shekara guda, mai hankali zai yi ta taka-tsantsan. A gaskiya tsarin da ke jawo wannan jan ƙafa shi ne kuma ke sa kowane kaye ya zama labari, kuma da wuya a samu mai son kokowa da zai yarda a sauya shi.

Wanda ya yi nasara a ƙarshe ana naɗa shi a tsakiyar fili, a miƙa masa takobi, a ba shi doki da kayansa, da kuɗi miliyoyin sefa, ban da abin da kamfanoni da attajirai ke ƙarawa. Akwai kuma kyaututtukan da ba na kaye ba, irin na wanda ya fi iya kirari da wanda ya fi kyan shiga ta gargajiya. Wasu na ɗaukar waɗannan a matsayin ƙari, amma su ne ke riƙe da kokowa a matsayin al'ada: walki da layu da guraye, rawar shiga fili, da muryar mawaƙa irin su Sagalo da ke sa jikin ɗan kokowa ya ɗauki tsuma kafin a taɓa shi.

Jihar Tawa ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Kadade ya ɗaga sunanta tun a shekarun farko, Haruna Abdu ya zo daga baya, Yahaya Kaka kuma ya ɗauki takobi a gida, a filin Hamidin Mai Dare, a 2017. Sai dai a shekarun baya-bayan nan sunan da ya cika bakin mutane shi ne Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, na jihar Doso, wanda ya ɗauki takobi sau 6, uku daga ciki a jere: Yamai, Difa da Agadas, tsakanin ƙarshen 2021 da ƙarshen 2023. Idan aka tuna cewa kowane takobi na nufin kwana goma ba tare da kuskure ko ɗaya ba, za a gane girman abin da ya yi.

Matsalar da ta fi shafar Madawa da Buza da Keita ba a filin gasar take ba, tana can baya, a lokacin da kakar ke somawa. Watannin kokowa su ne kuma watannin ci-rani. Ƙasar Adar ta daɗe da sanuwa da fitar samarinta zuwa Abijan, Najeriya, Libiya da Aljeriya da zarar an gama girbi, kuma Buza da Keita na cikin wuraren da abin ya fi yawa. A Madawa kuma lokacin ne ake shiga aikin albasa a fadamar Tarka, aikin da ba ya barin mutum ya yi nisa da rijiyarsa. Saurayin da ke da jikin kokowa yana gaban zaɓi mai wuya: ya tsaya ya bi dandali da fatan shiga cikin goma, ko ya hau mota ya je ya nemo abin da zai cike gibin rumbun gidansu. Takobi mutum ɗaya ke ɗauka a cikin 80, su 80 ɗin ma an tsamo su ne daga dubbai. Uban da ya ce wa ɗansa ya tafi ci-rani ba a ce ya yi kuskuren lissafi ba.

Wanda ya tsaya ya yi suna kuma, ba lalle ne ya ƙare da tutar jiharsa ba. Sanannen abu ne cewa ɗan kokowa kan koma wata jiha idan can aka fi kula da shi, ko aka sama masa abin yi, ko kuma ya ga a gida layi ya yi tsawo. Jihar da ke da yawan ƴan kokowa ita ta fi yin wannan asara, tunda kujerunta goma ne kamar na kowa, na goma sha ɗayanta kuwa yana iya zama na ɗaya a wani wuri.

Akwai ƙasar da ta fuskanci irin wannan tambaya ta ba ta wata amsa dabam. A Ayaland, can yammacin Turai, suna da wasan gargajiya da suke kira hurling, wanda ake yi da sanda mai faɗin baki da ƙaramar ƙwallo, mutum 15 a kowane ɓangare. Gundumomi ne ke karawa, kuma wasan ƙarshe na cika filin Croke Park na birnin Dublin, mai ɗaukar mutum sama da 80,000. Ƙungiyar da ke kula da wasan tun 1884 ta tsaya a kan cewa ba a biyan ɗan wasa albashi kuma ba a sayensa. Mutum na buga wa gundumarsa ne, da safe kuma ya koma aikinsa na koyarwa ko noma. Senegal ta bi ɗaya hanyar: kokowarsu mai haɗe da naushi ta zama sana'ar masu shirya wasa, inda manyan ƴan kokowa ke sa hannu a kwangila ta miliyoyi kafin su shiga fili. Nijar na tsakanin biyun. Sunan jiha ake kira a fili kamar a Ayaland, amma ɗan kokowar Nijar ba shi da albashin malamin makaranta da zai koma wa idan gasa ta ƙare, don haka ba a iya ɗora masa dokar Ayaland yadda take.

Abin da ke hannun hukumomin gunduma da na kwamin ya fi wannan sauƙi. Gasar gunduma da ake yi a kan lokaci, da kyautar da ta kai kuɗin motar Abijan, tana iya tsayar da saurayi wata biyu a gida har a ga iyawarsa. Zaɓen da aka yi a fili gaban jama'a, ba a ofis ba, shi ke sa ɗan ƙauye ya yarda cewa idan ya kayar za a ɗauke shi. Sai kuma kula da waɗanda suka ji rauni, domin gwiwa ko kafaɗar da ta goce a dandalin ƙauye ba kokowa kaɗai take hanawa ba, har da noman baɗi. Dukan waɗannan ana yanke su ne tsakanin watan Oktoba da na Nuwamba, lokacin da kyamarorin Tele Sahel ba su iso ba tukuna, kuma motocin ci-rani ke lodi a tashoshin Buza da Keita.