Esin mota ya daina sanyi? Sau da yawa ciwon yana jikin inji

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a Jihar Kano kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, duk wanda ya taso daga Durba ta ƙaramar hukumar Kibiya ya bi ta Rano zai shiga birni ya san darajar iyakwandishan, wato esi. Ga mai ɗauke da jariri, ko tsoho, ko marar lafiyar da za a kai asibiti, sanyin nan ya wuce jin daɗi kawai.

A daidai wannan lokaci ne kuma esin motoci da yawa ke fara hura iska mai ɗumi. Abin da kan fara zuwa zuciyar mai mota shi ne gas ya ƙare. Sai a je a ɗura, a biya, bayan 'yan kwanaki a koma gidan jiya.

Akasarin motocin da ke yankin na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Ko kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, yawancinsu sun riga sun ci shekaru a Turai ko Amurka. Wasu kuma sun bi ta hannun mutum biyu ko uku a nan gida. A irin wannan mota, lafiyar esi a ɗaure take da lafiyar inji.

Inji ne ke ɗauke da nauyin

Zuciyar esi ita ce kwamfiresa, mai matsa gas tana zagaya shi. Ba ta da ƙarfin kanta, inji ne ke juya ta da bel. Idan bel ɗin ya saki ko ya tsattsage, sai ya riƙa zamewa, kwamfiresa ta kasa matsa gas yadda ya kamata. Ƙarar nan mai kama da kukan tsuntsu da ake ji da zarar an kunna esi, sau da yawa daga nan take.

Haka kuma injin da filoginsa suka mutu, ko matatar iskarsa ta toshe da ƙura, ko baƙin mansa ya wuce lokacin canji, da ƙyar yake ɗaukar kansa, balle a ɗora masa kwamfiresa. Shi ya sa wata motar kan kama rawa, har ta mutu, idan an kunna esi tana tsaye a silo.

Lagireto da kondensa, Ɗanjuma da Ɗanjummai

Zafin da esi ke kwashewa daga cikin mota yana fita ne ta kondensa, wadda ke gaban lagireto. Iska ɗaya ce ke ratsa su, kuma a motoci da yawa fanka ɗaya ko biyu ce ke yi musu aiki tare. A karkara irin Durba, inda mota ke bin hanyar burji, ta shiga gona lokacin kaka, ta sha ƙurar hunturu, ƙaiƙayi da ƙasa kan cushe tsakanin su biyun. Iska ta kasa wucewa, gas ya kasa hucewa, inji ma ya ɗau zafi.

Alamar a fili take. Idan esi na sanyi a kan buɗaɗɗen titi, amma ya daina da an shiga cunkoson Kano, to a fara duba fanka da tsabtar kondensa kafin a yi maganar gas.

Akwai kuma abin da masu mota da dama ba su sani ba. Motocin da ke da kwamfuta sukan yanke kwamfiresa da kansu idan ruwan inji ya yi zafi fiye da kima, don su ceci injin. Ɗaukewar sanyin a nan gargaɗi ne. Wanda ya sa aka haɗa wayar kwamfiresa kai tsaye don ta daina yankewa, ya toshe bakin mai gargaɗin ne kawai, kuma ƙarshen abin na iya zama ƙonewar gaskit ko bugawar inji, wanda kuɗin gyaransa ya ninka na esi sau da yawa.

Ruwan da ake zubawa a lagireto ma abin lura ne. Ruwan rijiya ko na burtsatse na barin tsatsa da dauɗa masu toshe ƙananan bututu. Ruwan lagireto na musamman, mai launi, yana hana tsatsa, kuma bai cika saurin tafasa ba. Murfin lagireton da robarsa ta mutu shi ma kan sa ruwa tafasa da wuri, alhali kuɗinsa bai kai ya kawo ba.

Gas ba fetur ba ne

Esi ba ya shan gas kamar yadda inji ke shan mai. Zagaye yake yi a cikin rufaffun bututu, don haka idan ya ragu sosai, akwai inda yake yoyo. Ɗurawa ba tare da an toshe ba zuba ruwa ne a kwando. Ga shi kuma man da ke shafa kwamfiresa tare da gas ɗin yake yawo, idan ya yi ƙaranci sai ta ci kanta. Cika shi fiye da kima shi ma yana ƙara wa inji nauyi, ya rage sanyi.

Gas ɗin ma iri-iri ne. Tun tsakiyar shekarun 1990 motoci suka bar R12 suka koma R134a, sannan daga 2017 sababbin motoci a Tarayyar Turai suka koma gas irin su R1234yf. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet mai nuna irin gas ɗin da adadin giram ɗin da motar ke ɗauka, kuma ba a gauraya su.

Lissafin aljihu

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi da yawa suka daina kunna esi, wasu ma suka jinkirta sabis. Gaskiya ne esi na ƙara shan mai, amma injin da aka yi wa sakaci ya fi shi barna. Barin esi watanni ba a kunna ba kuma na busar da robobinsa, gas ya sulale. Kunna shi na 'yan mintuna duk mako, ko da a hunturu ne, ya wadatar.

Ga mai shirin sayen mota ta hannu, gwajin ba shi da wuya: ya bar ta a silo da esi a kunne na kusan rubu'in awa, idonsa kan allurar zafi, kunnensa kan fanka. Idan allurar ta fara hawa, to a sa kuɗin bakanike a cikin ciniki. Idan kuma a kan hanya ta hau, a kashe esi, a tsaya, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.

Masu gyaran esi da kayan gyara sun fi yawa a birni, a wurare irin su kasuwar Ƙofar Ruwa. Amma duba bel, wanke lagireto, gwada fanka da canza filogi aiki ne da bakaniken kusa da gida zai iya gamawa kafin azahar. Mutumin Durba da ya fara daga nan, mai yiwuwa ya huta da tafiyar Kano gaba ɗaya.