Rubutun da Ya Maƙale a Filofi: Bata da Tsofaffin Faifan Kwamfuta

Daga Bata zuwa Titin Beirut, har a miƙe Titin France cikin Sabon Garin Kano, da wuya mutum ya nemi kayan kwamfuta ya rasa. Akwai laftof sabuwa da ta hannu, akwai firinta da filashi da caja, ga masu gyara da ke iya ɗaga guntun ƙarfen da ido ke gani da ƙyar su mayar da shi mazauninsa. Amma wanda ya shigo da faifan filofi, ɗan murabba'in robar nan mai inci 3.5, ya ce a buɗe masa, zai sha zagaye kafin ya samu mai na'urar karanta shi. Yaran shago da yawa ba su taɓa riƙe shi ba. Abin lura shi ne buƙatar buɗe irin waɗannan faifai tana dawowa ne a daidai lokacin da hanyar buɗe su ke ƙarewa.

Don a gane abin da ke ciki sai an koma shekarun 1990. A lokacin ne adabin kasuwar Kano ya tumbatsa. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, ƙungiyar Raina Kama ta tara marubuta, shagunan littattafai na kasuwar Sabon Gari suka zama dillalan da ke kai littafi har Nijar. Marubuci ba ya jiran kamfanin ɗab'i. Rubutunsa na hannu zai kai shagon tayifin, a shigar a kwamfuta, a tsara shafuka da PageMaker ko WordPerfect ko Word, a zana bango da CorelDRAW, a fitar a takardar tiresin, a ƙona faranti, a buga. Abin da ya rage bayan an gama shi ne fayil, kuma fayil ɗin a filofi yake kwana. Harkar fim ma, wadda fim ɗin Turmin Danya ya buɗe wa ƙofa a 1990, ta bi ta nan. Dillalan kaset na Bata da Ƙofar Wambai suna buƙatar bangon kaset da fosta, su kuma makaɗan fim fiyanon Yamaha suke bugawa, wasu samfuransa irin su PSR-730 da ramin filofi suke zuwa, inda ake adana kiɗan da aka haɗa. Ƙara da kundin digiri na ɗalibai, da takardun ƙungiyoyi, da lissafin 'yan kasuwa.

Abin da ya tayar da buƙatar yanzu waya ce. Karatun littafin Hausa ya koma WhatsApp da Wattpad da manhajojin sayar da littafi, ana kuma karanta tsofaffin labarai da murya a YouTube, masu saurare suna neman na da. Marubuciyar da littafinta ya ƙare a kasuwa shekaru ashirin da suka wuce tana so ta sake fitar da shi, magadan wanda ya rasu suna so su tattara aikinsa. In babu fayil, sai a sake tayifin daga bugaggen kwafi, kuma duk wanda ya gwada ya san yadda yake ƙarewa: a tsallake layi, a canza kalma, mai tayifin ya gyara Sakkwatanci ya mayar da shi Kananci da zaton kuskure ne. Wani lokaci ma kwafin da aka samu littafi na ɗaya ne da na uku, na biyun ya bi hannun masu aro.

Dalilin ɓacewar faifan ya fi ƙarfin sakaci kawai. Filofi kuɗi ne, kuma sau da yawa na mai shago ne. Da an buga littafi sai a goge a ɗora wani aikin, domin a ganin kowa littafin ya riga ya fita, fayil tsani ne kawai da aka taka. Waɗanda suka tsira daga gogewa sun haɗu da yanayin Kano. Cikin filofi fallen roba ne siriri da aka shafa wa ƙurar maganaɗisu. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a ƙarƙashin kwanon shago yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana karce shi, danshin damina yana tsirar masa da fumfuna. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta nuna yadda ajiyar da ke wuri guda ke tafiya a dare ɗaya. Sai kuma 'yan jari-bola, waɗanda ke sayen tsohuwar kwamfuta a farashin ƙarfe. Ba laifinsu ba ne, sana'arsu ce, amma kowace tsohuwar kwamfutar tebur da aka farfasa tana tafiya da faifan cikinta da kuma na'urar filofinta.

A ganina wannan na ƙarshe ya fi komai haɗari, domin na'urar karantawa tana riga faifai mutuwa. Sony ya daina ƙera filofi a 2011, kwamfutocin yau kuma babu inda za a jona tsohuwar na'urar a allonsu. Akwai 'yar na'urar filofi mai wayar USB, ana samunta da araha, amma iyakacinta faifan inci 3.5 da aka tsara a tsarin kwamfutocin IBM, mai ɗaukar kilobait 720 ko megabait 1.44. Ba ta karɓar babban filofi mai inci 5.25, ba ta gane tsofaffin faifan Macintosh masu kilobait 800, kuma in ta ci karo da wuri mai rauni sai ta ce faifan ya lalace alhali mafi yawansa lafiya lau yake. Masu adana kayan tarihi a waje suna amfani da ɗan allo irin Greaseweazle ko KryoFlux, wanda ake jona wa tsohuwar na'ura ya ɗauko motsin maganaɗisun kansa, a bar fassara shi zuwa daga baya. Allon ba shi da wata tsada ta a-zo-a-gani. Tsohuwar na'ura mai lafiya ce ke wuyar samu, kuma ita ce ake aunawa a sikeli a sayar.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa a kan teburin mai gyara. Mai faifai ya miƙa, an zura a na'ura, ta yi ɗan gurnani, Windows ta fito da saƙo tana tambaya ko a yi fomatin. Yaro mai sauri, wanda ya saba da filashi, ya danna eh. Ko bai danna ba, zai yi ta fitarwa yana mayarwa, kowane zagaye kan na'urar yana goge fuskar da fumfuna ta riga ta ci, har dattin ya manne a kan ya lalata faifan da za a sa a gaba. Hanyar da ta dace tana farawa tun kafin a zura. A ƙusurwar filofi akwai ɗan makulli, a tura shi har ramin ya buɗe ana hango haske, to an hana rubutu ke nan. A ja murfin ƙarfen gefe a duba fallen ciki, in akwai farin tabo a goge a hankali da auduga da sifirit mai tsabta. Sannan kada a fara da neman fayil. A ɗauki kwafin faifan ɗungurungum, wanda masu sana'ar ke kira imej, da manhaja irin WinImage ko ddrescue, wadda ke kwashe wuraren da ke karantuwa tukuna kafin ta koma kan masu gardama. Daga nan faifan ya huta, duk wani bincike a kan kwafin za a yi. Amfanin wannan ya wuce kiyaye faifai. A tsarin filofi, goge fayil share harafin farko na sunansa ne da sakin gurbinsa, rubutun yana nan har sai an ɗora wani a kansa. Imej yana ɗauko har da waɗannan, don haka littafin da mai shago ya goge a 1998 yana iya kasancewa kwance a ƙarƙashin takardar gayyatar biki. Wurin ajiya kuma ba matsala ba ne, filashi mai gigabait 8 zai ɗauki imej na filofi sama da dubu biyar.

Samun fayil rabin aiki ne. Windows ta yau mai bit 64 ba ta tafiyar da manhajojin DOS da na Windows 3.1, PageMaker kuma ya tsaya a na 7.0 tun 2001. Da sauƙi a nan, domin LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe fayilolin WordPerfect da wasu na PageMaker da CorelDRAW, manhajoji irin DOSBox da 86Box kuma suna kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. A kula da tsofaffin ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke ɓuya a farkon faifai ko cikin fayilolin Word.

Akwai kuma wahalar da ta keɓanta da Hausa. Kafin Unicode ya zama gama-gari, babu ƙ da ɗ da ɓ a madannin kwamfuta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfurin haruffa masu lanƙwasa irin su Rabi'at a shekarun 1990, kuma sun yi wa ɗab'in Hausa babbar hidima. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ɗora ƙ da ɗ a gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba. Shi ya sa in aka buɗe tsohon fayil a kwamfutar da ba ta da samfurin, sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Mai gyaran da bai san tarihin ba zai ce fayil ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, musanya alamomin kawai yake buƙata, aikin 'yan mintuna. Sai dai wanda zai gane hakan shi ne tsohon mai tayifin, kuma yawancinsu sun bar sana'ar.

Inda aka ci nasara ma wata rigimar ke tasowa. Fayil ɗin na wa ne? Marubuci ya rubuta, mai shago ya ajiye, dillali wataƙila shi ya biya kuɗin bugu. Masana'antar fim da 'yan tura fina-finai a waya suka karya wa kasuwar faifan CD ba za ta miƙa asalin aikinta ga baƙo da sauƙi ba, kuma tsoron yana da hujja: fayil mai tsabta ya fi kwafin hoto daɗin sata. Imej kuma ba ya zaɓe. Faifan cikin kwamfutar shagon tayifin yana ɗauke da wasiƙun mutane, da takardun kotu, da na gado. Duk wanda zai yi wannan aiki dole a yi yarjejeniya a rubuce kan abin da zai buɗe da abin da zai mayar a rufe.

Wani zai ce takarda ta fi ƙarko, a tattara littattafan a bar faifai. Yana da gaskiya har wani wuri. A 1986 BBC ta tattara bayanan Birtaniya a faifan leza don cikar littafin Domesday shekaru 900, amma cikin shekaru goma sha biyar na'urar karanta faifan ta yi wuya, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ceto shi a 2002, alhali littafin 1086 yana nan ana karantawa. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess ma takarda suka bi wajen tattara sunayen ɗaruruwan littattafan Hausa na 1987 zuwa 2002. Sai dai takardar adabin kasuwa mai araha ce, tana rubewa, an ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007, kuma dokar 1970 da ta wajabta kai kwafi uku Ɗakin Karatu na Ƙasa ba kowane mai buga littafinsa da kansa ya bi ta ba. Faifai kuma yana riƙe da abin da bai taɓa hawa takarda ba: littafin da kuɗin bugu ya gagara, babin da aka cire, kiɗan da ba a ɗora wa murya ba.

Kasuwa ita kaɗai ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Mai gyara a Titin Beirut zai canza fuskar waya uku a lokacin da filofi ɗaya zai ci masa, kuma mai faifan ba zai biya ba in aka tarar babu komai. Aikin na masu haƙuri ne irin Jami'ar Bayero, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da reshen Kano na ƙungiyar marubuta. Abin da ake buƙata tebur ɗaya ne, da tsofaffin na'urorin filofi na girma biyu da aka saya kafin su kai sikeli, da allon karanta maganaɗisu, da mahaɗar USB ta tsofaffin faifan ciki, da matashin mai gyara daga Bata da aka haɗa shi da tsohon mai tayifin. Kowane imej a ajiye shi wuri uku, ɗaya a wajen Kano, a rubuta a gefensa sunan mai shi da abin da aka gani a jikin lambar faifan, a kuma mayar wa mai faifai kayansa tare da kwafinsa.