Ɗanka ya ce zai karanta wasan kwaikwayo a lise: me za ka ce masa?

Wannan taƙaitaccen bayanin shirinmu ne na wannan mako, kuma da kai muke, Alhaji, da ke saukar da shanu a kasuwar dabbobi ta Abijan, da ke Hajiya mai shago a Adjamé. A ce yaronku ya haye jarrabawar BEPC a Abijan, an zo zaɓen fanni, sai ya ce shi wasan kwaikwayo yake so. Uba da yawa kafin ya kai ƙofar babban masallacin Treichville ranar Juma'a ya riga ya yanke hukunci: ban biya kuɗin makaranta don a koya wa ɗana wasa ba. To, a ɗan dakata. Kalmar "wasa" ce ke ruɗar mu, shi ya sa ya kamata ka san abin da ake karantawa kafin ka ce e ko a'a.

A Kwaddibuwa wannan fanni ne na hukuma, mai jarrabawarsa. A unguwar Cocody akwai babbar makarantar fasaha da al'adu da ake kira INSAAC, kuma a ƙarƙashinta akwai lise na koyar da fasaha, wato LEA. Can ɗalibi yake yin shekara uku kamar kowane ɗan lise, ya zauna wa Bak. Bak ɗin kashi uku ne: H1 na zane, H2 na kiɗa, H3 na wasan kwaikwayo. Ba haka kawai ake shiga ba, sai an yi gwajin shiga an ci.

Me ake koya masa? Zai karanta littattafan wasanni ya yi sharhinsu, ya san tarihin wannan fasaha. Za a horar da muryarsa da numfashinsa har na ƙarshen zaure ya ji shi ba tare da ya yi ihu ba. Zai haddace doguwar magana, ya koyi tsayuwa gaban taro, da tsara dandali, da aiki cikin ƙungiya inda mutum ɗaya in ya makara kowa ya tsaya. Sannan ba a ɗauke masa Faransanci da tarihi da falsafa ba. Ka ga ke nan ba mafakar malalaci ba ce.

Kada kuma ka ɗauka abin baƙo ne a wurinmu. Tashen azumi kwaikwayo ne, haka wasan kara-kara na Damagaram, inda ake kwaikwayon sarakuna da mahukunta. A rubuce ma mun daɗe a ciki: Malam Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu, kuma har yau ɗaliban Hausa a sakandaren Najeriya suna amsa tambayoyi kan littattafan wasan kwaikwayo a jarrabawar WAEC. A Nijar, Yazi Dogo malamin makaranta ne kafin rediyo da talabijin su kai sunansa ko'ina. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, tun shekarun 1970 ɗaliban wannan fanni suke shiga ƙauyuka suna shirya wasanni da manoma kan matsalolinsu. A ƙasar da yaronka yake ma, Bernard Dadié, wanda aka haifa a 1916 ya rasu a 2019, marubucin wasanni ne da ya riƙe ministan al'adu daga 1977 zuwa 1986. Sunansa aka sa wa katafaren gidan al'adun nan na bakin ruwa a Treichville, unguwa ɗaya da masallacin da kake sallah.

Yanzu mu zo maganar da ta fi damunka, wato abinci. A nan ba za mu ɓoye maka ba: hanyar tana da ƙunci. Mai Bak H3 zai iya ci gaba a INSAAC, daga nan ya zama malami, ko ya yi aiki a rediyo da talabijin, ko harkar fim, ko wasannin wayar da kai da ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyi, irin na rigakafin dabbobi da sasanta manomi da makiyayi. Tun 1993 ake cin kasuwar MASA a Abijan, inda masu shirya wasanni daga ƙasashe suke zuwa neman ƙungiyoyin da za su gayyata. Amma ɗan wasa zalla, wanda ba ya koyarwa kuma ba shi da wani aiki a gefe, kuɗinsa kamar damina yake, wata shekara ta yi kyau, wata ta yi gardama. Kuma wanda ya ɗauki wannan Bak, komawa karatun likita ko injiniya zai yi masa wuya ƙwarai.

Sai dai ɗanka yana da wani jari da yawancin 'yan ajinsa ba su da shi. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, Faransanci a makaranta, wataƙila da Fulatanci ko Julanci a kasuwa, muryarsa za ta yi aiki daga Abijan har Maraɗi da Kano. Gidajen rediyo irin namu kullum neman masu irin wannan baki suke.

To mene ne abin yi? Kai da ba ka sayen sa sai ka duba haƙoransa, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka taka da ƙafarka zuwa makarantar, ko ka wakilta wani amintacce in kana kan hanya. Ka tambayi lokacin tashi daga atisaye, musamman in 'ya mace ce, da wanda ke kula da su, da yadda za ta dawo gida. Ka nemi a faɗa maka inda waɗanda suka gama suke aiki yanzu. In akwai abin da ke maka shakku ta fuskar addini, ka kai wa malaminka ainihin abin da ka gani a makarantar, domin hukunci kan jita-jita ba ya warware komai. Shi kuma yaron, ka tambaye shi littafin wasa nawa ya taɓa karantawa har ƙarshe. In suna kawai yake nema a TikTok, nan take za ka gane.

In ka gamsu, ka sa masa albarka da sharaɗi ɗaya: lokacin hutu ya zauna a shago ko ya bi ka kara, ya riƙe sana'ar gida a hannu ɗaya. In ba ka gamsu ba, ka zaunar da shi ka faɗa masa dalilinka.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A sauka lafiya.